Kabarin da Ya Ba Gabas Baya

Da bazara muka tashi, ni da Baba, daga ƙauyenmu na ƙasar Tudun Wada zuwa gadar jirgi da ke can ƙasar Kiru. Kwana biyu a ƙafa. Ban so tafiyar nan ba ko kaɗan. Ina da iyali, ga sharar gona ta zo, ga tsoho da ciwon gwiwa, taku goma hutu ɗaya. Mutanen gari suna ta yi mana tsiya, wai Baba ya tsufa da son kallo. Ba wanda ya tambayi abin da zan yi da fartanyar da na saɓa.

Ni na san dalili. Shekara arba'in da ɗoriya kafin nan, lokacin da ake shimfiɗa layin dogo, an ɗebi Baba da ƙanensa aikin tilas, suna dakon ƙasa da kwando a wurin gadar. Gudawa ta kama ƙanen, kwana uku ya cika. Ana ruwa da la'asar sakaliya Baba ya haƙa rami shi kaɗai a gindin gadar, helma, wato shugaban leburori, na yi masa tsawa ya yi sauri. Hadari ya rufe rana, kogin kuma ya yi kwana a wurin, sai gabas ta ɓace masa. Da gari ya waye ya ga inda rana ta ɓullo, ya gane kan mamacin yana arewa maimakon kudu, fuskarsa na duban yamma. A safiyar nan aka kora su gaba.

Malamin garinmu ya faɗa masa ya fi a ƙirga cewa Allah ya san niyya, a bar mamaci ya huta. Baba ya ce to, ya dawo gida ya ci gaba da ramewa. So yake ya tono ko da ƙashi ne ya juya shi.

Rana tsaka muka isa. Ni da na zaci zan ga abin mamaki, sai na ga baƙin ƙarfe miƙe a kan ginshiƙan dutse, yana warin mai da tsatsa, ƙarƙashinsa yashi fari fat babu ɗigon ruwa. Baba ya gangara yana ƙirga ginshiƙai da sandarsa. Ya tsaya a na farko daga kudu, ya yi taku bakwai. Wurin duk an jera manyan duwatsu an ɗaure su da siminti saboda zaizayar kogi, tun daga gindin ginshiƙin har bakin gaɓa.

"Sara nan," in ji shi.

"Baba, siminti ne fa."

"Na ce ka sara."

Na sara. Bakin fartanya ya lanƙwashe, hannuna ya yi tsami har kafaɗa. Ƙarar ta jawo helman leburorin gyaran layi, ya gangaro yana faɗa, yana cewa ko so muke a ɗaure mu. Da na yi masa bayani sai jikinsa ya yi sanyi. Ya durƙusa ya gaida Baba.

"Ka yi haƙuri, Baba. Tun kafin in kama aiki aka yi daɓen nan. Ko ni ban isa in ɗaga dutse ɗaya ba."

Baba ya zauna a kan simintin mai zafi kamar tanda, ya shafa shi da tafin hannu. Can jirgi ya zo wucewa, gadar ta hau rawa, tsatsa na zubo mana a ka, fasinjoji na ɗaga mana hannu suna murna. Na ji haushinsu, na ji haushin gadar, na fi jin haushin kaina da na yi kwana biyu ina ƙunƙuni a bayan tsohon nan.

Da ƙarar ta lafa, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya sunkuya ya ce a hankali, "Ka yafe mini, ɗan'uwa. Na zo, ban iya ba."

A hanyar dawowa magana ɗaya ya yi mini, mun kusa gida. Ya ce, "Ran da za a sa ni, kai za ka shiga ramin. Kada ka yarda da idon kowa."

Bai ga kakar shekarar ba. Ranar jana'izarsa sama tas take, maƙabartar kuma ta kaka da kakanni ce, kowane kabari a jere yake, ko makaho ba zai ɓata ba. Duk da haka na shiga na kwantar da shi a kan damansa, na fito na dubi rana, na sake komawa. Liman ya ce, "Haba, ya isa, daidai yake." Na ce a dakata mini. Na fito karo na biyu na sake dubawa, sannan na bari aka jera itace.