Zara daga Kan Soron Iya Dudu

Gidanmu na Dukawuya ƙarami ne, amma lokacin da nake yaro samansa yana da faɗi. Babu bene ko ɗaya a layinmu, sai soraye na ƙasa masu indararo, kowanne kafaɗa da kafaɗa da na maƙwabcinsa. Da an idar da sallar magariba, kakarmu Iya Dudu takan hura murhu a gindin katangar gabas, ta ɗora kaskon yashi, ta fara suyar gyaɗar da za a kai kasuwa washegari. Mu jikoki mu kewaye ta, wai taya ta aiki muke yi, alhali wadda ta ƙone muke jira a miƙo mana.

Mace ce 'yar ƙarama, mai kaifin ido da kaifin baki. Ni ta fi tsokana. "Ga angona mai rowa," haka take tarbata, "ko goro bai taɓa saya mini ba, sai cin jarina." In na ce zan sake ta, ta ce ai ita ta riga ta sake ni tun ranar sunana. Ban taɓa cin ta a wannan wasa ba, kuma ban ga wanda ya ci ta ba.

Tana da wata ɗabi'a da ban gani wurin kowa ba. Kafin ta soma tatsuniya sai ta ɗaga kai wajen yamma, inda tauraruwar nan mai haske take fitowa tun sama ba ta gama duhu ba, ta ce, "Sannu da fitowa, Zara matar wata." Sau ɗaya take kallonta ta sunkuyar da kai. In ɗayanmu ya ƙura mata ido, sai ya ji mara ta sauka a gwiwarsa. "Matar aure ce, kai. Haka ake kallon matar mutane a gidanku?"

Daga nan ta juya gyaɗa ta ce, "Ga wata can tana tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, Iya, ta ƙaraso." Ta ba mu tatsuniyoyi da yawa a gindin wannan murhu, amma ta magini ce ta zauna mini.

Wai an yi wani magini, Tanko, wanda babu kamarsa a garinsu. Allah ya jarrabe shi da son kallon Zara. Ya ga katangar gidansa tana tare masa ita tun bai ƙoshi ba, sai ya gina soro a kan soronsa, ya ƙara wani a kai, har ya fi kowace rimi tsawo. To, a garin, kamar yadda ake yi a namu, namiji ba ya hawa kan soro sai ya ɗaga murya ya ce, "Gafara maƙwabta, za a hau!" don matan da ke tsakar gida su kintsa. Tanko ya ce shi ba ruwansa da wannan, ai sama zai kalla, ba ƙasa ba. Ya hau abinsa shiru.

Mata suka ɗaga kai suka ga mutum tsaye a kansu. Mai daka ta ajiye taɓarya, mai tankaɗe ta kife rariya, mai wanka ta fasa. Kowacce ta shige ɗaka. Aka wayi gari babu tuwo a gida ko ɗaya, yara na kuka, maza na zagin juna a zaure. Ita kuwa Zara, da ta leƙo ta ga ƙato ya zuba mata ido ko sallama babu, sai ta ja mayafinta ta koma ɗakin mijinta. Tanko ya yi ta hawa yana dubawa, wayam.

Wata tsohuwa mai tallar daddawa ce ta tare shi a hanya. Ya rantse mata shi bai kalli gidan kowa ba. Ta ce, "Na yarda. Amma wa ya sani, in ba kai ba?" Ya koma ya rushe abin da ya ƙara da hannunsa, ya bi gida gida yana ba da haƙuri. Sai da aka yi watanni Zara ta huce ta sake fitowa. Shi ya sa har yau, in ji Iya, takan ɓace a neme ta a rasa, in ta tuna abin da aka yi mata.

Na ce, "Iya, to me ya gani a gidajen?"

Ta dube ni ta saman hayaƙi. "Ka ji shi. Ai in na faɗa maka, na zama Tanko ke nan." Ta kwashe gyaɗa ta ce, "Ta ƙare, kowa ya share ɓawonsa."

Abin da na ɗauka a lokacin bai wuce a riƙa yin sallama ba, kuma a haka na bar shi shekara da shekaru. Iya ta rasu ina sakandare. Na girma, na gaji rumfar babanmu a kasuwar Kurmi, ina sayar da tabarau ina gyara su, na kuma gaji gidan. Amma son Zarar nan bai bar ni ba. Duk wanda ya yini yana goge gilashi, wata rana sai ya so ya ga iyakar abin da gilashi zai iya.

Na daɗe ina kallon madubin hangen taurari a waya kafin in yi ƙundunbala. Da farko wani na so, siriri mai sheƙi, wanda aka cika kwalinsa da alkawarin zai kawo maka wata har tafin hannu. Wani abokina da ke yi mana odar gilasai daga waje ya hana ni. Ya ce, "Malam Habu, rabu da abin da aka rubuta a kwali. Faɗin bakinsa za ka duba, shi ke tara haske. Sannan ƙafafun su zama masu nauyi, in ba haka ba ko tari ka yi tauraron ya gudu." Na bi shawararsa. Ranar da kayan ya iso, a adaidaita sahu na kawo shi, ina rungume da shi kamar jariri. Matata Rabi ta leƙa kwalin ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Wa za mu harba?"

Na kafa shi a tsakar gida, daidai inda murhun Iya yake a da, na ɗaga kai. Ban taɓa lura da yadda samanmu ya tsuke ba. Benaye sun taso ta kudu da arewa, tankunan ruwa sun tare sauran, abin da ya rage bai fi faɗin tabarma ba. Zara tana can yamma, bayan katanga. Babu yadda zan gan ta sai daga kan soro, kuma duk wanda ya tsaya a kan soronmu ya fuskanci yamma, tsakar gidan Alhaji Sabo ce shimfiɗe a gabansa.

Alhaji Sabo abokin babana ne, tsohon ɗan kasuwar fata, mutum mai ƙarancin magana. A gidansa na sha fura ina yaro, matarsa Hajiya Ladi ta sha goya ni. Tsakanin gidajen nan biyu ba a taɓa jin kanmu ba tun zamanin kakanni, kuma ban so a fara a kaina ba. Yanzu masu gyaran tanki da masu ɗaura farantin talabijin hawa suke yi ba ko gyaran murya, kowa ya saba. Rabi ma ta ce in hau kawai, wa zai kula. Na sa ƙafa a matakala, muryar tsohuwar nan mai daddawa ta dawo mini, na sauko.

Na same shi a zaurensa bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan: abin da na saya, abin da nake son gani, da cewa madubin ba ya ma iya kallon abu na kusa, dishi-dishi yake nunawa, kuma a kife.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Shi madubin ke nan. Kai fa, a kife kake gani?"

Ya ƙara jefo mini tambaya kan Zarar.

"Wane lokaci take fitowa?"

"Daga magariba, Baba, zuwa wajen isha'i ta faɗi."

"A'a," in ji shi. "Ban yarda ba."

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Na zo da ladabi, na nemi abin da wasu ba sa nema, an mayar da ni da kalma ɗaya. Na fara shirin yin sallama. Can ya gyara zama, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Abin da ya faɗa da bakinsa ya faɗa mini, kuma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta shi a nan.

"Habu, ka san jikin uwarka." Hajiya Ladi yake nufi. Na sani, shanyewar ɓarin jiki ta same ta, mun sha zuwa dubiya, kullum mu tarar da ita a gado an lulluɓe ta tsaf. "Ɗaki yana yi mata zafi. Da na dawo daga magariba nake fito da ita tsakar gida. Ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Ni nake ba ta, ni nake goge mata baki, wani lokaci ya zube in sake. Macen da ko ɗankwalinta ba a taɓa gani a karkace ba." Ya dube ni. "Ba zarginka nake yi ba. Amma in ta ɗaga ido ta ga inuwar mutum a sama, ba za ta ƙara yarda a fito da ita ba."

Kunya ta rufe ni, tare da wani irin girmansa da ban taɓa ji ba. Shekara nawa muna katanga ɗaya, ina ganinsa da babbar riga yana amsa gaisuwa da ka, ban san abin da hannun nan yake yi tsakanin magariba da isha'i ba. Na ce, "Baba, na haƙura da Zarar." Ya ce in an yi isha'i ya mayar da ita ɗaki, soro nawa ne, in hau in kalli abin da na ga dama.

Haka aka yi. Na ga ramukan wata har na ji tsoro, na ga tauraron Mushtari da 'yan watanninsa ɗigo-ɗigo a jere, na ga Zuhal da zobensa, Rabi ta rantse fenti aka yi a cikin gilashin. Amma kullum na hau, Zara ta riga ta faɗi. Daga ƙofar gida nake hango ta in za ni masallaci, tana ƙara sauka kowace yamma, har ta ɓace gaba ɗaya. Wani ya ce in ɗauki madubin in fita fili bayan gari. Zan iya, amma ni daga gidan Iya nake son ganinta.

Abin da ya riƙe ni shi ne wani abu da na karanta: Zara da Gamzaki, tauraron asuba, abu ɗaya ne. In ta ɓace a yamma, zagayawa take yi ta ɓullo ta gabas. Gabas kuwa babu gidan kowa a gabana, bayan makarantar allo ce da wata tsohuwar durumi. Na yi ta jira.

A cikin jiran nan ne tatsuniyar ta sake mini kama. Ina yaro na zaci laifin Tanko rashin sallama ne, ka yi kira ka hau, shi ke nan. Ashe kiran tambaya ce, kuma mai tambaya dole ya shirya jin a'a. Iya ba ta taɓa faɗa mana haka ba. Ta dai ƙi gaya mana abin da ke cikin gidajen, ta bar mu mu girma mu tarar.

Da Gamzaki ya fito sosai, na tare Alhaji a ƙofar masallaci bayan sallar asuba. Na ce, "Baba, ta dawo, ta gabas. Ko za ka gani?" Ya ce mu je. Na riƙe masa hannu a matakala, yana hawa yana hutawa. Da muka kai sama, shi da kansa ya juya wa gidansa baya. Na saita madubin, na matsa na ba shi wuri.

Ya daɗe a sunkuye. Ya ɗago ya kalli tauraron da idonsa, ya sake komawa.

"Wannan ai jinjirin wata ne."

"Ita ce, Baba. Haka take in an matso da ita."

"Lauje sak," in ji shi. "Kamar mijin." Ya sake dubawa, na ji ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji daga bakinsa ba. "To, ai dole. Sun daɗe tare."

Na ce ya tsaya in nuna masa wani kafin gari ya waye. Ya girgiza kai, ya miƙo mini hannu.

"Sauke ni, Habu. Yanzu za ta farka, kuma in ba ta gan ni ba, ba za ta sha kokon ba."