Akwatin Hotunan Ilu Mai Rediyo

Ilu gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwar Karaye, a wata rumfa da ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Ofishin ƙaramar hukuma da nake aikin akawu bai yi nisa da rumfar ba, kullum sai mun gaisa.

A 1978 wani alhaji ya dawo daga Makka da kyamara, ya rasa yadda zai yi da ita, ya bar wa Ilu. Mutane suka ɗauka zai buɗe shagon hoto. Bai buɗe ba. Tsofaffin gine-gine yake ɗauka: ragowar ganuwa, rumbun da ya karkace, gidan awon gyaɗa da aka daina amfani da shi, da wani zaure mai zanen hannu a Jajaye wanda ya fi ƙauna. Duk inda ya tsaya ya ɗauki gini, sai ya binne dutse a wurin. Damina na wucewa ya koma, ya taka dutsen, ya sake ɗauka, don a ga abin da ruwa ya ci. Ya kai fim Kano a wanke, ya rubuta wuri da kwanan wata a bayan kowane hoto.

Ba ya yarda mutum ya shiga hotonsa. Na taɓa raka shi Jajaye, muka tarar da mai gidan, Malam Sulle, zaune a ƙofar zauren.

"Baba, ɗan matsa, kana tare min bango," in ji Ilu.

"Kai Ilu! Ni da aka haifa a gidan nan ban isa a ɗauka ba, sai katanga?"

"Kai ai da sauran ƙwarinka, Baba. Ita ce nake tsoron ba za ta ga baɗi ba."

A watan Yuni na 1989 wani jirgin soja mai saukar ungulu ya sami matsala, ya sauka a filin ƙwallo a Rogo. Ilu yana garin a ranar. Ya nemi izini, matuƙin ya yarda, har ya gyara tsayuwa a gaban jirgin. Shi ma Ilu ya ce masa ya ɗan matsa. Sojan ya yi dariya ya matsa. Aka gyara jirgi, suka tashi, ba wanda ya ce uffan.

Ogan ofishinmu ne, da labari ya iso masa, ya ɗauki abin da zafi. Ranar Laraba, 14 ga wata, ya sa aka kira Ilu da duk hotunansa. Ya baza su a tebur yana juyawa.

"Ina mutanen?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Gada. Tsohuwar kotu. Yanzu kuma jirgin soja. Ba mutum ko ɗaya! Wa yake ɗaukar hoto ba mutum? Wa ya aiko ka?"

"Ranka ya daɗe, gadar nan ko jaki ya daina bi ta kanta."

"Au, ba'a ma za ka yi min? Akawu, karɓe kayan nan sai an gama bincike."

Na ƙirga sau biyu, na rubuta: akwatin katako ɗaya, hotuna 412, fim wankakke ƙunshi 19, kyamara ɗaya. Aka kai sito, aka ajiye a ƙasa.

Babu binciken da aka yi. Ko layi ɗaya Oga bai aika Kano ba, don kada a tambaye shi yadda aka yi haka a ƙarƙashinsa. Bai kuma saki kayan ba, don kada a ce ya saki. Kujerarsa kawai yake karewa. Sau huɗu ina rubuta masa cewa rufin siton yana yoyo kuma akwai gara. Kowace takarda ya rubuta "A jira" a kanta, ya mayar min. Makullin kuwa yana aljihunsa.

Duk Litinin Ilu yana zuwa, ya durƙusa ya gaishe da mutumin da ya kamata ya ba shi haƙuri. Matarsa Lauratu ta zo sau ɗaya, aka bar ta a baranda tun hantsi har azahar. A watan Agusta na 1990 zauren Jajaye ya rushe. Ilu ya zo ya same ni a tsaye.

"Malam, yanzu zauren nan ba ya ko'ina a duniya sai cikin sitonku. Shekara goma sha ɗaya na ɗauke shi. Don Allah a ɗora akwatin a kan benci kawai."

Na kai wannan roƙon. Aka ce ba a taɓa kayan shaida.

Sai da aka ƙara wa Oga girma ya tafi. Wanda ya gaje shi ya sa hannu a takardar sakin kayan bai ko karanta ba. Ranar Talata, 2 ga Maris, 1993, muka buɗe akwatin. Jar ƙasa ce cike da shi. Gara ta shiga ta ƙasa ta cinye hotunan, danshi ya manne fim ɗin ya zama dunƙule guda. Ilu ya zauna a baranda yana tone ƙasar da yatsu har la'asar. Muka sami hotuna 23 da ake iya gane wani abu a jikinsu. Na zauren Jajaye babu ko ɗaya.

Takardar sallamar kaya tana cewa, "Na karɓi kayana daidai yadda aka karɓa." Masinja ya miƙa masa biro. Na karɓe takardar, na soke layin, na rubuta abin da ya rage da dalilinsa da ranakun takardun nan huɗu. Sabon oga ya aiko a gaya min ba a soke rubutun gwamnati. Na ce a faɗa masa na soke, sunana yana ƙasa.

Ilu ya sa hannu. Ya ɗaura akwatin a bayan kekensa, bai hau ba, ya riƙa tura shi zuwa gida ƙasa tana zuba ta gindin.