Canjaras ɗin da Yaya Ummaru ya ƙi karɓa a baki

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Ummaru, malamin dabbobi a Dutse, mutumin da in ba ka same shi wurin shanu ba, to yana gaban allon ces, wato darar Turawa, a zaurenmu na Limawa.

Wasansa ɗaya nake yawan tunawa. Zagayen ƙarshe ne na gasar fidda waɗanda za su wakilci jiha, aka haɗa shi da Malam Habu, wani malamin makaranta daga Garki. Idan suka yi canjaras, duka biyun sun wuce. Wanda aka ci kuwa sai gida. Kafin a zauna, Malam Habu ya ja shi gefe, ina tsaye.

"Malam Ummaru, mu ɗan taɓa kaɗan mu sha hannu mana. Kowa ya huta."

Yaya ya yi murmushi. "Malam, ai da mun yi zamanmu a gida. Bismillah."

Baƙaƙen 'ya'yan wasan ne a hannunsa, ya amsa da buɗin Sisiliya, salon da ake neman faɗa tun takun farko. Na matso kusa da allon, don na san shekarun da ya yi yana jiran wannan dama. Tsakiyar wasa ya rasa doki, gumi ya jiƙa masa riga, sai da ƙyar ya rama. La'asar ta yi babu abin da ya rage a allo sai sarki da sarki. Canjaras.

'Yan kallo suka yi ta dariya, wai an yi aikin baban giwa. A hanya na ce, "Yaya, ba abin da aka ba ka tun safe ke nan ba?" Ya ce, "A'a. Wannan na yi masa gumi."

Yanzu ina ganin ɗalibai a Kafin Hausa suna haddace Sisiliya daga waya, na'ura na gaya musu kowane taku. Ban san ko zai yi musu faɗa ba. Ina jin zama zai yi, ya ce a ajiye wayar a gwada.

Bai bar kofi ko ɗaya ba. Gasar da ya wuce ɗin ma an fitar da shi da wuri. Amma Malam Habu ne ya shige gaba ranar jana'iza, kuma har yau duk sallah yana zuwa gaida Inna. Bara ya zauna da Hauwa, 'yar marigayin, a kan tsohon allon. Da ya ga ta matsa masa, ya miƙa hannu a tashi canjaras. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, mu ƙarasa."

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ya huta.