Rediyo Mai Kunne Biyu

Mai shago yana kallon dattijon da ya shigo, dogo siriri kamar eriya, tabarau ɗaure da zare, yatsu duk tabon ƙunar dalma. Daga gani irin masu kafa rediyon magana a ɗaki ne, suna hira da baƙi a bangon duniya, maƙwabci kuwa ko sannu.

Rediyo mai kunne biyu dattijon yake so, wanda ke kama tasha biyu lokaci guda, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ga shi da abin saurare a ka, yana murza maɓalli.

"Ɗana, ɓangaren hagun nan ba ya aiki."

Dattijon ya juya abin sauraren, na dama ya koma hagu. "To fa! Ta biyu ta zo, ta farko ta gudu!"

Matarsa, tsaye a hagunsa, ta dubi mai shago, wanda cinikinsa ke sulalewa.

"Ba shi mai kunne ɗaya, ɗan nan. Kunnensa na hagu ya shekara goma da mutuwa."

"Mama, ba ki gaya masa ba?"

"Kullum ina faɗa. Ta ɓangaren nan yake ajiye ni."