Murhun da Abu Suhaib Ya Zaɓa

A ƙauyensu na kan tsaunukan Ajlun, a ƙasar Jodan, abu biyu aka san Fidda da su: zaitun ɗin da take jiƙawa, wanda har daga birni ake aikowa roƙo, da kuma haƙurin zama da mijinta Muflih. Na biyun ya fi wuya. Muflih, wanda ake kira Abu Suhaib, ba ya zagi, ba ya rowa. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya zaɓe. Mutum ne da zai je sayen kankana ya ƙwanƙwasa duk na cikin mota, ya dawo gida hannu rabbana. Fidda takan ce ita ma da ba mahaifiyarsa ce ta nuna masa ita ba, da har yau yana bincike.

Shekara da shekaru da ɗan murhun kananzir mai wari da sa ciwon kai suke ɗumama gida. Amma bana 'yarsu Tasnim na ɗauke da cikin fari, kuma haihuwar za ta faɗo a tsakiyar sanyi, lokacin da dusar ƙanƙara ke toshe hanya. Fidda ta ci burin 'yarta ta yi jego a ɗakinta, kamar yadda ita ma ta yi a ɗakin uwarta. Sai dai Ubada, mijin Tasnim, ya faɗa cikin ladabi cewa jariri ba zai shaƙi kananzir ba. In ba a canza murhu ba, daga asibiti gidan iyayensa na Irbid za a wuce.

"Zan saya," in ji Muflih, "amma sai na bincika."

Da jin kalmar nan gaban Fidda ya faɗi.

Tun ana kakkaɓar zaitun ya fara bin gidajen maƙwabta. A gidan Abu Ratib ya sha shayi, ya ce murhunsa na cin itace kamar gobara. A gidan malamin makaranta ya ci ɓaure, ya tambaya in an ɗauke wuta wa zai juya fankar da ke cikin nasa. A gidan Hajiya Tamam, tsohuwar da ke ƙona tunkuzar zaitun, ya shafa yatsa a bangonta ya nuna mata baƙin hayaƙi a gaban baƙinta. Kullum ya dawo da cikakken ciki da sabon aibi, murhu kuwa babu.

Ranar da aka kai zaitunsu injin matsa, Fidda ta tare shi a ƙofa. Kowa ya san ƙa'idar wurin: mai son tunkuzarsa ya faɗa ran matsa, ya kwashe ta, a cura a shanya a saman soro kafin ruwa ya sauko. Wanda ya yi shiru, ta zama ta mai injin.

"Abu Suhaib, ka kwaso mana tunkuzarmu."

"Yaya zan kwaso ban san wanda zan saya ba? In na itace na zaɓa fa?"

"Ka kwaso dai, ba za ta cije ka ba."

Ya dawo da jarkokin mai kaɗai. Ya ce ya gaya wa mai injin zai yi shawara.

Sorayen gari suka cika da curin tunkuza, suka bushe, aka sauke. Ruwa ya sauko, bayansa ƙanƙara. Fidda ta yi magiya, ta yi fushi, ta yi kwana biyu tana ajiye masa abinci ba magana, shi kuwa ya ɗauka maƙogwaronta ke ciwo. Sai da Ubada ya bugo cewa an kwantar da Tasnim, sannan Muflih ya ruga wurin maƙeri. Ya dawo da murhun tunkuza, irin na Hajiya Tamam sak, har da maƙalin buta.

Aka kafa, aka fitar da bututu ta taga. Ya tsaya yana shafa ƙarfen yana murmushi.

"Ya yi kyau," in ji Fidda. "Me za mu zuba masa? Shawara?"

Ya tafi injin. Mai injin ya ce tuni masu gidan kaji suka kwashe, abin da ya rage taɓo ne jagab, ko bazara ba zai kama wuta ba. Da ya dawo ya tarar Fidda ta ninke buhuna ta ajiye a bakin ƙofa. Takaici ya sa idonta ya kawo ruwa, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Gidajen da ka sha shayi ka san hanyarsu. Ka koma."

"Haba Ummu Suhaib, da wane ido zan kalli Hajiya Tamam?"

"Da wanda ka ga bangonta."

Ya tafi cikin ƙanƙara. Malamin makaranta ya ba shi rabin buhu, ya tambaye shi ko binciken ya kammala. Hajiya Tamam ta cika masa buhu har baki, ta ɗaure da kanta, ta ce, "Ɗan'uwa, a yi hattara, an ce tana baƙanta bango." Ya shigo gida kunnuwa ja wur, ya zube kayan, sai ga shi ya tsuguna yana shinshina curi ɗaya bayan ɗaya don ya ga na wa ya fi bushewa. Fidda ta fizge na hannunsa ta jefa a murhu ta ƙyasta ashana.

Da aka sallamo Tasnim da jaririnta, Ubada ne ya fara shiga ɗakin shi kaɗai. Ya ja numfashi, ya ji ɗumi da ƙanshin zaitun, sannan ya leƙa waje ya ce a shigo da su. Fidda ta karɓi jikanta, namiji, ta zauna kusa da wuta.

Ubada ya juya wurin surukinsa. "Baba, mun yi magana da Tasnim. Kai za ka zaɓa masa suna."

Muflih ya gyara zama, ya shafa gemu. "To, sai na ɗan bincika."

Fidda ta ƙara rungume yaron.

"Ubada, ɗana, ka rufa wa yaron nan asiri. Ka raɗa masa da bakinka tun wutar nan ba ta mutu ba."