Falmaran Ɗin Kakar Ravn

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairu, 2014, Ravn Tveiten suka shigo ɗakin ƙungiyarmu ta masu ɗinkin kayan gargajiya, takalma duk ƙanƙara, rungume da kwali. Na ce "suka" don kuwa haka Ravn suka roƙa a kira su: ba sa ɗaukar kansu mace, ba sa ɗaukar kansu namiji. Shekarunsu ashirin da shida, suna tuƙa motar madara. Ni ne magatakarda, kuma duk abin da za a ɗinka sai na shigar da shi littafi mai gida biyu, na mata da na maza.

Jar falmaran ce a kwalin, ta kakarsu marigayiya. So suke a buɗa ta, a ƙara mata faɗi, su haɗa da wandon maza su shiga jerin gwanon sha bakwai ga Mayu, ranar bikin ƙasarmu Norway. Rabonsu da jerin tun suna shekara sha huɗu, saboda siket.

Borghild, tsohuwar telarmu, ta zare tabarau. "Wannan da siket take tafiya. Kakarku ta ji, sai ta taso ta biyo ni da tsintsiya."

Ravn suka ce, "Haba Inna Borghild, ai da wandon mijinta take tatsar shanu."

"A garke! Ba a ƙofar coci ba."

Ravn suka soma ninke falmaran ɗin. "To, ta koma kwali. Ba zan kai wa wani ba, ke kika san hannunta."

Borghild ta fizge ta, ta juya cikinta, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa. A al'ada akan bar rarar yadi yatsa biyu saboda magaji. Nan huɗu ta tarar a kowane gefe.

"Tare muka yanka ta," ta ce. "Na ce ɓarnar yadi ce, ta ce ita ba ta san wa zai gada ba. Ku ɗaga hannu, ku daina motsi."

Da aka zo rubutu, na ɗan tsaya, sannan na ja sunan ya ratsa gidajen biyu.

Ravn sun shiga jerin a shekarar, Borghild na biye tana gyara musu kafaɗa. Ta rasu a 2019, ta bar musu almakashinta. Har yanzu suna tuƙa motar madara, ranar Alhamis kuma su ne ke buɗa wa mutane tufafin da suka gada.