Askar da Take Barin Layi

A Madarumfa, idan aka ce Mahaman mai aska, baƙo zai ɗauka wanzami ne. Ba wanzami ba ne. Lambu yake yi a bakin tafki, albasa da tumatir da ɗan zogale, kuma ko gemun bunsuru bai taɓa askewa ba. Abin da ya ja masa sunan shi ne tsofaffin asake arba'in da uku da ya jera a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, kowace a naɗe cikin tsumma mai ɗan man gyaɗa saboda tsatsa.

Ya kuwa san su, wannan ba a ƙwace masa. Miƙa masa aska, zai ƙwanƙwasa ta da farce, ya kara a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraren wa'azi. Ta maƙeran gida, mai faɗin baki da ƙota naɗe da fata, sawun guduma yake dubawa ya gaya maka ko ƙirar Katsina ce ko ta Tibiri. Masu ninkewa na zamanin Turawa, masu ƙotar ƙaho ko ƙashi, da tambari yake gane su tunda bai yi lakwal, wato boko, ba: mai zakara, mai kifi, mai tauraro uku. Wani dillali a Ɗan Issa ya taɓa jiƙa sabuwar aska a ruwan gishiri don ta yi tsatsa, ya ce ta kakansa ce. Mahaman ya lasa, ya tofar, ya tambaye shi ko kakan nasa a cikin miya yake aski.

Amma duk tarin nan, aska ɗaya yake nema. Mahaifinsa, Abubakar, wanzami ne, ya rasu Mahaman yana da shekara shida. Zabirarsa ta watse a hannun 'yan'uwansa wanzamai, uwar kuma ta koma da yaron wajen danginta masu lambu. Fuskar uban ma ta ɓace masa, kuma wannan yana ci masa rai. Abin da ya riƙe shi ne safiyar Juma'a, kansa tsakanin gwiwoyin uban, da wani siririn layin gashi da kullum yake saura bayan an gama, daga bayan kunnen hagu zuwa tsakar kai. Da ya girma ya yi tunaninsa shi kaɗai: askar tana da ɗan giɓi a baki, ƙarami ƙwarai, wanda ido ba ya gani. Duk askar da ta bar wannan layin, ita ce.

Saboda haka kowace aska ya samo, sai ya kai wa Ɗan Baba, wanzamin unguwarsu, ya miƙa kai a gwada. Wasu suka share kan tas. Masu giɓi na gaske kuwa suka bar masa tabo iri-iri, har matarsa Dije ta ce kan nasa ya koma allon makaranta da ba a wanke da kyau ba.

Sai sanƙo ya shigo maganar. Ya fara daga goshi, a hankali, ba ya hutun damina ba ya na rani. Mahaman ya shafa man kaɗanya, ya shafa tafarnuwa, ya shafa albasar lambunsa har Dije ta fitar da tabarmarsa zaure. Da ya kai shekara hamsin da takwas, abin da ya rage masa ɗan fili ne bayan kunnen hagu, bai fi tafin hannun jariri ba. Ya san idan wannan ya tafi, ko askar ta zo da ƙafarta ta yi sallama, ba shi da inda zai gane ta.

Ranar da aka kawo ta arba'in da huɗu daga Jibiya, mai ƙotar ƙaho baƙi, ta yi daidai da zuwan Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifinsa. Daga garin Sarkin Yamma ta zo ganin likita saboda gwiwa. Tana zaune gindin dogon yaro a ƙofar gida, Ɗan Baba yana wasa askar a fata, Mahaman ya tsuguna ya jiƙa ɗan gashinsa da ya yi sati uku yana reno.

“Wanga kai mi za a aske gare shi?” in ji Gwaggo.

Ɗan Baba ya danne dariya. Mahaman bai taɓa yi wa mace wannan bayani ba, don a ganinsa zancen aska na maza ne. Amma gwaggo ce, sai ya zayyana mata komai, da giɓin da layin da shekara talatin na nema.

Sai tsohuwa ta ce:

“Mahaman, ubanka shi ka yi ma mai gari aski. Shi za ya riƙe aska mai giɓi? Da ya ji wagga magana da ya mare ka.”

“To layin hwa, Gwaggo?”

“Da gangan shika barin shi. Ba ka jin magana, kullum kana cikin tabki. Ku ashirin cikin ruwa, duk ƙwal kwabo, kawuna kaɗai ag a waje, wa zai gane wani? Shina tsayawa bisa tudu shi nemi mai layi. In ya gane ka, shi koma wurin aikinai. In bai gani ba, shi tuɓe riga shi hwaɗa ruwa nemanka.”

Ɗan Baba ya ajiye fatar. Ya ce, a hankali, shi dama tun farko ya so ya faɗa, aska mai giɓi ba layi ɗaya take bari ba, ko'ina ta bi sai ta bari.

“Mi ya hana ka hwaɗi?” in ji Mahaman.

“Kai ka san asake. Ni aski kawai nika yi.”

Mahaman ya tambayi Gwaggo ko za ta gane askar in ya fito da akwatin. Ta ce ita duk aska aska ce, wataƙila tana ciki, wataƙila wani yana yankan kuɓewa da ita a Maraɗi. Dije, da take jin komai daga zaure, ta ce a ba ta biyu ma ta gwada a kuɓewarta.

Mahaman bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya sake jiƙa bayan kunnensa, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyin Ɗan Baba, ya ce a aske amma a bar layi. Wanzamin ya yi iya ƙoƙarinsa da ɗan abin da ya samu. Layin da ya fito bai kai tsawon ɗan yatsa ba, rabinsa ma furfura.

Da la'asar Mahaman ya tafi lambu ba hula, abin da bai yi ba tun aurensa. Bai shiga cikin albasa ba, ya hau tudun bakin tafki ya tsaya. Yara na wanka a ƙasa, kawuna a waje, suna nutsewa suna fitowa. Ya duba, ya sake dubawa, akwai jikokinsa biyu a ciki, amma ya kasa gane ko ɗaya. Sai ya ga hannunsa ya riga ya kama wuyan rigarsa.